DS1307, DS3231, PCF8523 ko RV-3028: wane agogo ya dace da Raspberry Pi ko BeagleBone ɗinka?

Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai allo ɗaya, tun daga na farko har zuwa na 4, ba shi da agogon da ke ci gaba da tafiya bayan an ɗauke masa wuta. Da intanet yake dogaro. Yana tashi sai ya tambayi sabar NTP, wadda ke raba lokaci a intanet, ƙarfe nawa, ya gyara kansa. In babu netwok, sai ya ɗauko lokacin ƙarshe da wani ɗan shiri mai suna fake-hwclock ya ajiye masa a fayil, ya ci gaba daga nan kamar bai taɓa mutuwa ba. Wasu allunan ma komawa 1 ga Janairu 1970 suke yi. BeagleBone Black, wani allon kwamfuta irinsa, yana da agogo a cikin farosesarsa AM335x, amma allon bai zo da batirin da zai riƙe shi ba, don haka duk kanwar ja ce.

Ga wanda na'urarsa ke kan tebur da wayifai dare da rana, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma na'urar da ke rubuta zafin firjin allurar rigakafi a asibitin karkara, ko mai ɗaukar zanen yatsan ma'aikata a bakin ƙofa, ko mai kaɗa ƙararrawar makaranta, ko mai kunna famfon ban ruwa a gona, idan lokacinta ya karkace duk aikinta ya lalace. Hatta shafukan https ba sa buɗuwa in kwanan wata ya koma baya sosai, domin takardar shaidar shafin za ta zama kamar lokacin fara aikinta bai zo ba. Maganin shi ne ƙaramin aisin agogo (aisi shi ne IC, ɗan guntun lantarki), wanda ake kira RTC, mai ɗan batirinsa, a jona shi ta wayoyin I2C, hanyar waya biyu da allo ke magana da irin waɗannan aisi. Da ka shiga kasuwa kuma sai ka tarar da sunaye huɗu ko biyar, duk allunan sun yi kama da juna, farashin ma ba wani nisa ba ne.

Abubuwan da za a auna su da su

Na farko daidaito. Ana auna shi da ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Agogon da ya kauce da ppm 20 yana yin gaba ko baya da sakan 1.7 a rana, kusan minti goma da rabi a shekara. Mai ppm 2 kuwa kimanin minti ɗaya ne a shekara.

A nan ne zafi ya shigo, kuma shi ne ma'aunin da ya fi shafarmu. Duk waɗannan agogunan suna ƙirga kaɗawar wani ɗan kiristal mai kaɗawa sau 32,768 a sakan. An yanka kiristal ɗin ne don ya yi daidai a wajen digiri 25. Da zafi ya yi sama da haka, ko ya yi ƙasa, sai ya rage sauri, kuma ragin ba a miƙe yake tafiya ba: za ka ninka tazarar da kanta, sannan ka ninka da kimanin 0.034. A digiri 45 ragin ya kai ppm 13 da ɗoriya. A digiri 55 ya haura ppm 30, wato sakan biyu da rabi kullum, ƙari a kan kuskuren da kiristal ɗin ya fito da shi daga masana'anta. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Tawa, ya san akwatin ƙarfe da aka kafe a ƙarƙashin faifan sola ba ya wahalar kai wa digiri 55 da tsakar rana.

Na biyu ƙarfin wuta. Ƙafafun Raspberry Pi da na BeagleBone duk na bolt 3.3 ne, ba sa jure bolt 5. Na uku batir: nawa aisin ke sha, wane irin batir allon ke ɗauka, kuma ko allon yana ƙoƙarin yi masa caji. Na huɗu sauƙin saiti a Linux. Sai farashi, da haɗarin sayen jabu.

Akwai abin da ya kamata a riƙe tun yanzu. Ba aisi tsirara kake saye ba, ƙaramin allo ne da wani ya ƙera ya ɗora aisin a kai, tare da rizistoci da dayod da gidan batir. Yawancin ɓacin ran da mutane ke samu daga wannan allon yake fitowa, ba daga aisin ba.

DS1307

Shi ne tsoho a cikinsu. Dallas Semiconductor ne ya fara yin sa, Maxim ya saye Dallas a 2001, Analog Devices kuma ya saye Maxim a 2021. Adireshinsa a kan I2C 0x68 ne, saurinsa bai wuce kHz 100 ba, yana da ma'ajiya ta bayit 56 da batir ke riƙewa, kuma ƙasa da nA 500 yake sha (nA ma'aunin ƙanƙanin shan wuta ne, nA 1,000 shi ne µA 1) idan ya koma kan batir. Ba shi da ƙararrawa. Kiristal ɗinsa a waje yake, babu gyaran zafi, babu rijista, wato gurbin saiti a cikin aisin, da za ka daidaita saurinsa da ita. Abin da kiristal ya ba ka shi ka samu, kuma a allunan araha ba a cika zaɓen kiristal mai kyau ba.

Babbar matsalarsa ita ce bolt 5 yake so, tsakanin 4.5 da 5.5. Mutane kan gwada ba shi 3.3 su ga ko zai yi. Ba zai yi ba matuƙar akwai batir a jikinsa, domin an tsara shi ya rufe ƙofar I2C duk lokacin da wutar da ke shigo masa ta gaza ninkin 1.25 na ƙarfin batir. Batir mai bolt 3 na nufin sai wuta ta haura 3.75 kafin ya amsa maka. To idan ka ba shi bolt 5 ɗin kuma, allon da ake kira Tiny RTC yana da rizistoci biyu da ke ja wa wayoyin I2C biyu, SDA da SCL, zuwa bolt 5, kai tsaye cikin ƙafafun Pi ɗinka. Dole ka ɗauko ƙarfen dalma ka cire su, ka bar na jikin Pi masu ohm 1,800 su yi aikin, ko ka saka mai sauya matakin wuta a tsakani. Allon yana kuma da hanyar caji da aka yi wa batirin LIR2032 mai caji.

Wani abin da ke rikita sababbi: sabon DS1307 a tsaye yake zuwa. Akwai wani ɗigo a rijistarsa ta farko, CH, da ke riƙe agogon har sai an goge shi, don haka sai an rubuta masa lokaci zai fara tafiya. A kan ƙaramin allon Arduino Uno mai bolt 5, a ɗakin koyo, DS1307 ba laifi. A kan Pi ko BeagleBone ban ga dalilin sayensa ba, tunda 'yan kuɗin da ka rage za ka biya su da dalma da fargaba.

DS3231

Wannan ɗan gida ɗaya ne da DS1307, adireshinsu ma ɗaya, 0x68, kuma direba ɗaya ce a Linux, wato shirin da ke magana da aisin, rtc-ds1307, take tuƙa su duka biyu. Bambancin shi ne kiristal ɗinsa yana cikin jikin aisin tare da ma'aunin zafi. Duk bayan sakan 64 yana auna zafi ya gyara saurin kiristal ɗin. Takardar kamfanin ta yi alƙawarin ppm 2 daga digiri 0 zuwa 40, da ppm 3.5 daga 40 ƙasa da sifili har zuwa 85 ga samfurin masana'antu. Ma'ana, ko a cikin akwatin nan mai digiri 55, kuskurensa a shekara bai kai minti biyu ba.

Yana aiki daga bolt 2.3 zuwa 5.5, saboda haka ka ba shi 3.3 daga ƙafa ta 1 ta Pi, shi ke nan. Yana da ƙararrawa biyu da za su iya ta da wata na'ura daga barci ta ƙafar INT/SQW. Yana da alamar OSF da ke shaida maka agogon ya taɓa tsayawa, don kada ka yarda da lokacin ƙarya. Akwai kuma rijistar tsufa a 0x10, wadda kowane matakinta ke matsa sauri da kimanin ppm 0.1, ga mai son ya kai daidaiton maƙura. A kan batir kusan µA 1 yake sha. Batirin CR2032 yana ɗauke da wajen mAh 220, in ka yi lissafi a takarda shekarun sun haura ashirin, wato batirin zai tsufa don kansa kafin aisin ya shanye shi. Ma'aunin zafin ma ana iya karanta shi a Linux, sai dai yana iya kaucewa da digiri 3, kada ka dogara da shi wajen firji.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Allon DS3231 da ya fi yawa a kasuwa shi ne shuɗin nan mai rubutun ZS-042. A jikinsa akwai dayod ɗaya da rizista mai ohm 200, za ka ga an rubuta 201 a bayanta, waɗanda ke tura wuta cikin batir. An yi su ne don LIR2032 mai caji. Amma yawancin mutane CR2032 suke sakawa, wanda ba a yi masa caji. Idan ka ba allon bolt 5, sama da bolt 4 ne ke danna batirin dare da rana, har ya kumbura, wani lokaci ya tsage ya zubar. Idan ka ba shi 3.3, abin da ya rage bayan dayod bai kai ƙarfin batirin ba, don haka CR2032 ya tsira, sai dai LIR2032 ba zai taɓa cika ba. Hanya mafi aminci ita ce ka cire rizistar nan mai 201, ko dayod ɗin, ka saka CR2032 mai kyau. Aikin minti biyu ne ga mai gyaran waya.

Allon yana kuma ɗauke da ma'ajiyar AT24C32 a adireshi 0x57. A Pi ba ta dami kowa ba. A BeagleBone kuwa, adireshi 0x54 zuwa 0x57 a layin I2C2 an keɓe su ne don allunan da ake ɗorawa a samansa, yana duba su yayin tashi. Idan kana da irin wannan allo a kai, su biyun za su iya karo. Akwai wuraren dalma uku, A0, A1 da A2, da ake haɗewa a sauya adireshin ma'ajiyar ya koma ƙasa.

Akwai wani ƙaramin samfurin mai ramuka biyar da ke zama kai tsaye a kan ƙafafu 1, 3, 5, 7 da 9 na Pi. Babu waya, babu dalma, abin sha'awa. Illarsa ita ce ɗan batirinsa manne yake da dalma, kuma ba ka san shekara nawa ya yi a shago kafin ya zo hannunka ba. Auna shi da mita kafin ka rufe akwati.

Sai batun asali. Allon ZS-042 ana samunsa dala ɗaya zuwa uku a kasuwannin intanet na Sin, alhali aisin DS3231 shi kaɗai, daga manyan dillalai irin su Mouser ko DigiKey, ya fi haka tsada. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa wasu an ciro su ne daga tsofaffin na'urori, wasu kuma ba na gaske ba ne. Da yawansu suna aiki lafiya lau, amma sai an gwada. Duba rubutun bayan aisin kuma: DS3231SN shi ne mai kiristal, DS3231M kuwa da wata fasaha ta daban yake kaɗawa, alƙawarinsa ppm 5 ne, kimanin minti biyu da rabi a shekara, sai dai ya fi jure girgiza da faɗuwa. Masu sayarwa ba sa bambanta su a talla.

PCF8523 da PCF8563

Duka biyu na NXP ne. PCF8523 yana zaune a 0x68 shi ma, saboda haka ba za ka haɗa shi da DS3231 a layi ɗaya ba. Yana aiki a 3.3 ba tare da wata dabara ba, kimanin nA 150 yake sha, yana da ƙafar batir ta daban, da ƙararrawa, da masu ƙirga lokaci. Adafruit na amfani da shi a allunansu na tattara bayanai, galibi da ƙaramin batirin CR1220. Kiristal ɗinsa na waje ne, babu gyaran zafi, don haka sakan biyu a rana ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi DS1307 da shi, yana da rijistar daidaitawa, kowane mataki wajen ppm 4. Idan na'urar a ɗaki take inda zafi bai cika hawa da sauka ba, za ka iya auna kuskurenta na mako guda ka rage shi sosai. Idan a rana take, gyaran da ka yi da hunturu ba zai yi maka aiki da bazara ba.

Abin lura ɗaya: a sabon aisi, sauyawa zuwa batir a kashe take har sai an kunna ta a rijistar Control_3. Laburaren RTClib na Arduino yana kunna ta lokacin da ka saita agogo. Wanda ya rubuta nasa shirin daga tushe ya manta da wannan, zai ga batir sabo amma agogo na mantuwa.

PCF8563 yana 0x51, yana shan kimanin nA 250, kuma yana da arha ƙwarai. Ba shi da ƙafar batir kwata-kwata. Mai ƙera allo ne ke haɗa wuta da batir ta dayod biyu, saboda haka ingancinsa ya danganta da wanda ya yi allon. Ya fi dacewa da mai zana allon kansa da yawa yana ƙirga kwabo. Ɗan uwansa PCF85063A shi ne a kan allon IO na Raspberry Pi Compute Module 4, wanda ke da wannan allon ba ya buƙatar sayen komai sai batir.

RV-3028

Micro Crystal na ƙasar Suwizalan ne ke yin sa. Adireshi 0x52. Abin da ya yi fice da shi ƙarancin shan wuta, nA 45 kacal, ga kiristal a cikin jikinsa da aka daidaita a masana'anta zuwa ppm 1 a digiri 25. Wannan lambar tana yaudarar mutane su ɗauka ya fi DS3231. A digiri 25 ne kawai. Ba ya gyara kansa da zafi, don haka lissafin nan na 0.034 yana hawa kansa kamar kowa. Yana da mai ƙirga sakan irin na Unix, da hanyar caji a hankali ga mai son amfani da babbar kafasita maimakon batir. Shi ma sauyawa zuwa batir a kashe take zuwa, a Pi ana kunna ta da backup-switchover-mode a layin saiti. Ya fi tsada, ba a cika ganinsa a shagunan kayan lantarki na gida ba, kuma aisin ƙanƙane ne, ba na dalmar hannu ba ne ga sabon shiga.

Na cikin Raspberry Pi 5

Pi 5 da ya fito a Oktoba 2023 yana da agogo a cikin aisin da ke rarraba masa wuta, da wata 'yar mahaɗa mai suna J5 don batir. Batirin da kamfanin Raspberry Pi ke sayarwa ML-2020 ne na Panasonic, mai caji, dala 5. Cajin a kashe yake, sai ka ƙara layin `dtparam=rtc_bbat_vchg=3000000` a fayil ɗin saiti config.txt. Kamfanin da kansa bai ba da shawarar batir marar caji ba, saboda wannan agogon ya fi aisin RTC na musamman shan wuta, ya kuma hana saka batirin litiyam-ayon. Babbar fa'idarsa ita ce yana iya ta da Pi ɗin daga kashe: ka rubuta lokaci a /sys/class/rtc/rtc0/wakealarm, ka kashe, ya tashi da kansa. Ga na'urar sola da ke aiki minti biyar a kowace awa, wannan ya fi komai. Ba ya cin ƙafa ko ɗaya ta I2C. Daidaitonsa na kiristal ne na yau da kullum.

| Agogo | Adireshi | Wuta | Daidaito | Shan batir | Farashi | Inda haɗari yake |
|---|---|---|---|---|---|---|
| DS1307 | 0x68 | bolt 5 kawai | na kiristal, ba gyara | ƙasa da nA 500 | mafi arha | bolt 5 a ƙafafun 3.3 |
| DS3231SN | 0x68 | 2.3 zuwa 5.5 | ppm 2 zuwa 3.5 | kusan µA 1 | arha a ZS-042, tsada a na asali | cajin CR2032, jabu |
| DS3231M | 0x68 | 2.3 zuwa 5.5 | ppm 5 | 'yan µA kaɗan | kamar na sama | ana sayar da shi a matsayin SN |
| PCF8523 | 0x68 | 3.3 ko 5 | na kiristal, ana daidaitawa | kimanin nA 150 | matsakaici | sauyawar batir a kashe |
| PCF8563 | 0x51 | 3.3 ko 5 | na kiristal | kimanin nA 250 | arha | babu ƙafar batir |
| RV-3028 | 0x52 | 3.3 ko 5 | ppm 1 a digiri 25 kawai | nA 45 | tsada | zafi, wuyar samu |
| Na Pi 5 | a ciki yake | daga allon | na kiristal | ya fi sauran | dala 5 na batir | batirin da bai dace ba |

Saitin: ina suka bambanta?

A Pi kusan babu bambanci, kalma ɗaya ce ke sauyawa. SDA na zuwa ƙafa ta 3, SCL ƙafa ta 5. A fayil ɗin config.txt, wanda ya koma /boot/firmware/ tun daga fitowar Raspberry Pi OS mai suna Bookworm, ka saka layi biyu:

`dtparam=i2c_arm=on`
`dtoverlay=i2c-rtc,ds3231`

Mai PCF8523 ya rubuta pcf8523 a maimakon ds3231, haka ma pcf8563, rv3028 ko ds1307. Kafin ka saka layi na biyu, umarnin `i2cdetect -y 1` zai nuna maka 68. Bayan ka saka ka sake tashin na'urar, zai nuna UU a wurin. Mutane kan firgita da UU ɗin nan, alhali shi ake nema, ma'anarsa direba ta kama aisin. Idan teburin da umarnin ya nuna fanko ne, duba wayoyinka, sau da yawa SDA da SCL ne aka juya.

Daga nan ka cire fake-hwclock don kada su riƙa ja-in-ja da agogon gaske. Jona intanet sau ɗaya, ka tabbatar `timedatectl` ya nuna lokaci ya daidaita, ka rubuta shi cikin aisin da `sudo hwclock -w`, ka karanto da `sudo hwclock -r`. Idan na'urar ta ce ba ta san hwclock ba, yana cikin ƙunshin util-linux-extra a sababbin Debian. Bar agogon a kan UTC, lokacin da duniya ke auna sauran lokuta da shi. Yankin lokaci a Linux ake saita shi, Africa/Lagos ko Africa/Niamey ga masu gaba da awa ɗaya, Africa/Accra ga na Gana. Wanda ya rubuta lokacin gida a cikin aisin zai ga awa ɗaya ta ƙaru masa daga baya ya rasa daga ina.

BeagleBone ya fi buƙatar natsuwa. SCL na I2C2 yana P9_19, SDA yana P9_20. Don gwaji, kana iya shaida wa kanel, wato zuciyar Linux, da hannu ta hanyar rubuta `ds3231 0x68` cikin fayil ɗin new_device na layin i2c-2. Sai dai agogon cikin farosesa ya riga ya kama sunan rtc0, naka zai fito a rtc1, kuma Linux daga rtc0 yake ɗaukar lokaci yayin tashi. Ka ga kenan kana iya yin komai daidai, na'urar ta ci gaba da tashi da kwanan wata na bogi. Ko dai ka ɗora saitin bishiyar na'ura (device tree, bayanin kayan da ke jikin allo) ta fayil ɗin uEnv.txt wanda zai mayar da na waje rtc0, ko ka rubuta ƙaramin aikin systemd da zai gudanar da `hwclock -s -f /dev/rtc1` da wuri. Irin wannan ce ke faruwa da mai Pi 5 da ya ƙara DS3231, shi kuma `dtparam=rtc=off` ke kashe masa na ciki.

Ko wanne ka zaɓa, gwajin gaskiya ɗaya ne: cire wayar netwok, kashe wayifai, kashe na'urar, zare wuta gaba ɗaya, ka bar ta ta kwana, ka kunna ka duba `date`. Idan kuma kana son auna yadda aisin ke kaucewa, sai ka kashe NTP tukuna, domin Linux kan sake rubuta lokaci cikin RTC duk minti 11 idan yana daidaita da intanet. Ba ka kashe ba, ko jabun aisi zai yi maka kamar na ƙwarai.

Wane ne na wa?

Na'urar da za ta yi watanni babu intanet, musamman a waje ko a ɗakin kwano, DS3231SN ce tata, ba sai an yi dogon tunani ba. Agogon lokutan salla na masallaci yana cikin wannan rukuni: minti goma a shekara ba ƙaramin abu ba ne a wajen buɗa-baki, kuma babu mai son hawa tsani duk wata don gyara shi. Haka ƙararrawar makaranta da mai rubuta bayanan sola ko na rijiyar burtsatse. Saye biyu ko uku idan ZS-042 ne, cire rizistar caji, gwada su mako guda, ka ɗauki wanda ya fi tsayawa. Idan kuma aikin na asibiti ne ko na kuɗin mutane, biya tsadar allon da ka san asalinsa.

Na'urar da ke samun netwok kullum ko bayan kwana biyu, wadda agogon kawai zai riƙe mata lokaci tsakanin ɗaukewar wuta da dawowar sabis, PCF8523 ya ishe ta, haka ma PCF8563 idan allon mai kyau ne. Sakan biyu a rana ba su taruwa tunda NTP na share su.

Mai Pi 5 ya sayi batirin ML-2020 ya kunna caji, ya huta. Sai idan na'urar za ta daɗe a zafi ba netwok ne zai ƙara DS3231, kuma ya sani idan ya kashe na ciki ya rasa damar ta da Pi daga kashe ta hanya mai sauƙi.

Mai ƙera abin da ke rayuwa da ƙaramin batir shekara da shekaru, kamar ma'aunin da ke kan ƙananan allunan ESP32 ko Pico yana barci yawancin lokaci, shi ne RV-3028 ya yi wa rana, muddin zai jure kaucewar 'yan mintoci ko yana samun gyara jefi-jefi. Abin da za a kafa a jikin mota, babur ko injin niƙa, inda girgiza ba ta ƙarewa, DS3231M ya fi SN dacewa da shi.

DS1307 kuwa a bar shi wa ɗalibin da ke koyon I2C a kan Arduino Uno, ko wanda ya riga ya saye shi yana cikin aljihun tebur kuma yana da ƙarfen dalma a kusa.